Lallen Suna da Na'urar Yatsa

"Sake ɗorawa," in ji Malam Adamu, ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta.

Mansura ta sake ɗora babban yatsanta a kan ɗan gilashin na'urar tantance zanen yatsa. Jar wuta ta kama. Karo na shida ke nan.

Yau ce ranar ƙarshe ta canza makaranta, ƙarfe huɗu za a rufe, ga shi uku ta wuce. Da karatun jinya ta cike, makinta bai kai ba, shi ne ta taho Gusau tun safe daga 'Yankuzo ta mayar da shi karatun noma, wanda dama shi ranta ke so. Zamanta na uku ke nan a jarrabawar shiga jami'a, kuma Baba ya rantse babu na huɗu.

Malam Adamu ya kamo hannunta ya juya. Yatsun nan jawur har sun koma baƙi.

"Wa ya ce ki sa lalle? Ba a faɗa muku ba?"

"Suna aka yi shekaranjiya, Malam. Yayata ta haihu."

Ai kuwa suna ya yi suna, yaro namiji tubarkalla, ga kumatu ga gashi. Mata kaf gidan sai da aka ƙunsa musu hannu, Mansura kuwa da yake ita ce ƙanwar mai jego, sau biyu aka maimaita mata don ya kama sosai. Wa ya tuna da wata na'ura?

"To na'ura ba ta san suna ba. Matsa gefe, akwai mutane."

Ta fito baranda idonta ya ciko. Kamilu mijin yayarta, direban da ya kawo ta, yana jingine da motarsa yana duba agogo.

"Mi ya faru kuma?"

Ta nuna masa hannu.

"Innalillahi. Ke kin san ba ni bin hanyar Tsafe in la'asar ta yi sanyi. Ko mi za a yi, a yi shi yanzu."

Wata budurwa 'yar Bungudu da ke zaune a kan dakali ta miƙo mata ɓarin lemun tsami. Ita ma hannunta ja.

"Tun hantsi nake gurzawa, 'yar uwa. Gwada naki, ƙila ya fi nawa jin magana."

Mansura ta matsa lemun, ta goga yatsan a siminti har ya fara zafi. Lalle ko gezau. Ta kira Baba, wayar ba ta shiga ba. A 'Yankuzo sai mutum ya hau tudun bayan makaranta yake samun layi, ga shi ita da Baba har yanzu ba su gama maganar makarantar da za ta zaɓa ba. Wata biyu suna ja. Ita Zariya take so, can manyan gonakin gwaji suke. Shi kuma ya ce Sakkwato, inda ƙanwarsa Rabi take aure, ko ba komai akwai mai sa mata ido.

Huɗu saura kwata ta koma ciki, ta tsaya a kan Malam Adamu.

"Ke kuma? To kawo sauran yatsun, mu gwada ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙi, sai baɗi."

Manuni, ja. Na tsakiya, ja. Hannun dama ya ƙare. Suka koma hagu. Da aka zo ƙaramin yatsa sai ga shi fari tas, da ɗan tabo a gefe.

"Wannan fa?"

"Lauje ya yanke ni wajen yankan ciyawa. Mai lalle ta tsallake shi."

Ta ɗora. Shiru. Sai koriyar wuta.

Malam Adamu ya gyara zama da sauri. "Alhamdulillahi. Noman amfanin gona, ko? Wace makaranta? Ki ji gaskiya, da makin nan naki Zariya sai an yi sa'a. Sakkwato kina da dama sosai. Minti bakwai ya rage."

Ta sake kiran Baba. Ba ta shiga. Ta leƙa taga wajen Kamilu.

"Kada ki dube ni," ya ɗaga murya. "Ni Gusau zuwa Tsafe na sani."

"Malama, hannuna na kan madanni," in ji Malam Adamu.

Ta juyo. "Sakkwato."

Ya danna, injin ya turo takarda da ɗuminta.

Sun wuce Kwatarkwashi ke nan wayarta ta yi ƙara. Baba ne, yana haki, da ji ya hau tudu.

"Mansura, kina jina? Na kwana ina tunani. Ki sa Zariyar nan da kike so, ke za ki yi karatun ba ni ba."

Ta dubi takardar da ke kan cinyarta.

"Baba, an riga an buga. Sakkwato na sa."

Baba ya yi salati.

"To don mi kika hana ni sakat wata biyu?"

Kamilu ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙara wa mota wuta.