Akwai Akwa?

Yayanta ne ya laƙaba mata suna Gwana don tsokana, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, har ta rubuta shi a shafinta na waya. Wata shida kacal ta yi tana kallon bidiyon masu bayanin man shafawa, amma in ta buɗe baki sai ka rantse ita ta ƙirƙiro fatar ɗan Adam. Ba ta sayen mai sai ta juya kwalbar, ta ƙanƙance ido, ta karanta ƙananan rubutun bayanta da ƙarfi yadda duk mai kunne a shagon zai amfana.

Kuma a yi mata adalci, ta san wasu abubuwa. Ta san gilisarin yana jawo danshi zuwa fata. Ta san nayasinamaid yana rage tabo, retinol kuma ba ya shiri da rana. Ta san abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗin shi ya fi yawa a cikin kwalbar. To a nan ne ilimin ya ɗauke ta ya yi daji da ita. Ta lura duk wani mai mai tsada da kalma ɗaya yake farawa, akwa. Ba ta taɓa jin masu bidiyon sun yi bayaninta ba, sai ta yanke hukunci da kanta cewa sirri ne suke ɓoyewa. Daga ranar duk shagon da ta shiga tambayarta ɗaya ce.

"Akwai akwa a ciki?"

Masu shago, da yake ba su zo kasuwa don gyara wa kowa karatu ba, sai su ce akwai, sosai ma.

Ta gama da ƙawayenta da matan layinsu, sannan ta waiwayo kan mahaifiyarta. Mama tela ce, shekara talatin tana kan keke ɗaya a ɗakin da ke bakin ƙofa. Aikin hannu ne abin alfaharinta, kalmasa da maɓalli da ɗinkin bakin wuya, kuma da waɗannan yatsun ta riƙe gidan. A gefen keken, kusa da gwangwanin allurai, akwai wani tsohon kwalin basilin da take lakata duk sanda ta wanke hannu. Wata safiya Gwana ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta juya bayansa, ta dafe ƙirji.

"Mama, kin san abin da kike shafawa? Fetrolatum. Fetur ke nan fa. Mai na mota kike mulka wa jikinki."

"Shekara talatin ban kama da wuta ba," in ji Mama, ba ta ko ɗago kai daga ɗinkin ba.

"Abu ɗaya tak a ciki. Ko ɗigon akwa babu."

Kwalin ya tafi kwandon shara. A gurbinsa aka girke wata kwalba mai murfin zinariya, ƙamshinta kaɗai ya isa ya kori sauro. Gwana ta karanta wa Mama jerin kayan ciki kamar mai karanta sunayen manyan baƙi, akwa a sahun gaba, sai alkohol, sai asid ɗin gilaikolik, sai farfum, har abu ashirin da bakwai. Mama ta ce Allah ya yi albarka, ta miƙa hannu aka shafa mata.

Sati biyu, bayan hannun ya yi ja. Sati uku, kan yatsun ya fara tsagewa, zare yana maƙalewa a cikin tsagar. Wata rana Gwana ta shigo ta tarar da Mama tana ta fama da wata farar riga, tana goge ɗigon jini a bakin wuyanta da tsumma. Amma bakin Gwana ya riga zuciyarta.

"Alamar yana aiki ke nan. Dattin fetur ɗin ne yake fita. A ƙara yawan shafawa, safe da rana."

Yaya ne ya gaji. Ya zo gaida Mama ya ga ta kasa zura zare a allura, riguna tara sun taru a kan tebur suna jiranta. Ya ce gobe za a je wurin likitan fata, ba shawara yake nema ba. Gwana ta ce madalla, dama tana son ta zauna da wanda zai fahimce ta. Ta zuba kwalbar a jaka, ta haɗa da wasu biyu don kwatance, ta sa tabarau ɗin da ba na gani ba.

Likitar mace ce mai ƙarancin magana, da alama ta ga irin Gwana goma kafin azahar. Ta juya hannun Mama a hankali, ta duba tsakanin yatsun, ta tambayi me take shafawa. Kafin Mama ta motsa leɓe, Gwana ta jera kwalaben a kan tebur.

"Ni ce nake kula da fatarta, Likita. Da wani mai take amfani marar komai, zallar fetur. Na canja mata zuwa wannan. Ki duba, akwa ne a farko. Wannan na tsakiya akwansa bai kai ba, shi ya sa na bar shi."

Likita ta ɗauki kwalbar mai murfin zinariya ta bi jerin da ƙarshen biro.

"Wannan asid ɗin aikinsa ɗaye saman fata. A fuskar mai ƙuraje ko tabo yana da amfani, in an sa da lissafi. A hannun da yake shiga sabulu sau goma a rana, kankare shi yake yi. Irin wannan alkohol ɗin busarwa yake ƙarawa. Farfum turare ne, ba ya gyara komai, kuma shi ya fi tayar wa mutane da ƙaiƙayi."

"Amma ai akwan zai daidaita su," in ji Gwana.

Likita ta ɗago ta dube ta ta saman gilashi. Ta ɗan jima tana kallonta, kamar tana auna ko wasa ake yi.

"Me kika ɗauka akwa yake nufi?"

Gwana ta gyara zama. Ta ce sinadari ne da ake tacewa daga can ƙarƙashin teku, yana ratsa fata har hawa bakwai, shi ya sa kamfanoni ba sa son talaka ya san shi. Wallahi haka ta faɗa, ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Likita ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Miƙewa ta yi ta je wurin wanke hannu da ke kusurwar ofishin, ta murɗa famfo, ta bar shi yana zuba.

"Ga shi nan. Ruwa. Sunansa ke nan a bayan kwalba."

Yaya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Wata shida na tambayar "akwai akwa" suka dawo wa Gwana ɗaya bayan ɗaya, da fuskar kowane mai shago da ya ce mata akwai sosai.

"Shi kuma fetrolatum," Likita ta ci gaba tana rubutu, "daga ɗanyen mai ake samo shi, gaskiya ne, amma an tace shi tas. Rufe fata yake yi don kada danshinta ya gudu. Ga hannu irin wannan da wuya ki sami abin da ya fi shi. Zan ba ta maganin kumburi na kwana bakwai. Bayan shi ta koma wa man da take shafawa da." Ta juya ga Mama. "Baba, ba ki ji yana yi miki zafi ba?"

"Tun ranar farko," in ji Mama.

"To me ya sa ba ki daina ba?"

Mama ta dubi yatsunta, ta ɗan yi murmushi irin na wanda aka kama.

"Ita ta kawo min. Tunda ta girma ba ta taɓa zama ta riƙe hannuna ba sai da man nan ya shigo gidan. Kullum safe take zuwa ta shafa min da kanta. Sai na ce zafin ba wani abu ba ne."

Dariyar Yaya ta tsaya cak. Gwana ta cire tabarau ɗin ta rasa inda za ta sa shi. Kunyar ruwan famfo ta riga ta ishe ta, amma wannan ta fi ciwo nesa ba kusa ba, don ba ta da wani dogon suna da za ta ɓuya a bayansa.

A hanyar komawa ta ce Yaya ya tsaya a shagon magani. Ta shiga ita kaɗai, ta karɓi maganin Mama, sannan ta nuna basilin a kan kantar shagon da murya ƙasa-ƙasa. Mai shagon, wanda ya san ta sarai, ya ce wannan fa babu akwa a ciki. Ta ce ta sani, ya sa mata a leda.

Da suka isa gida ta jawo kujera gefen keken, ta buɗe maganin da Likita ta rubuta, ta miƙa hannu tana jiran na Mama. Mama ta duba nata tafukan ta ga ƙurar hanya.

"Bari in wanke tukuna," ta ce. "Gwana, tashi ki ɗebo min akwa a buta. Mai ɗumi."