Babban Yatsan Baba Hadi

Ranar da manaja ya kira ni ofis, wallahi da rawa na fito. Ni Labaran, ƙato ɗan shekara talatin da huɗu, ina tsalle a gaban masu gadi, su kuwa sai kallona suke ko na sha wani abu.

Shekarata uku a wani kulob na masu wasan harbi a bayan garin Dubai, aikina tsintar kwanson harsashi. Larabawa da Turawa su harba su shige cikin sanyi, ni in bi ƙasa da bokiti rana tana gasa mini ƙeya. Kwansunan ba zubarwa ake ba. Akwai ɗaki mai lasisi inda ake sake cika su, mutum ɗaya ne a ciki, Baba Hadi, wani tsoho ɗan Sudan mai farin gemu. Shi ya koya mini aikin a ranakun hutuna, shi ya matsa har na yi kwas na samu takarda.

To, a gindin kowane kwanso akwai wani ɗan maɓalli da allurar bindiga ke buga wa wuta ta tashi. Firaima muke ce masa. Madannin da Baba Hadi ke dasa shi da shi ya mutu, kamfani ya kawo samfuri biyu. Manaja ya ce, "Ranar Alhamis ka gwada su ka zaɓi ɗaya, tunda kai za ka gaji kujerar duk ranar da aikin ya fi ƙarfinsa."

Kujerar! Albashin wannan kujera ya kai a ba mutum bizar iyali. Tun a cikin jirgin metro na kira matata Zaituna a Zariya, na ce ta fara ɗinki. Ta saki guɗa har wani Bafilifine da ke gefena ya zabura. Na ce masa, "Yi haƙuri habibi, matata ce za ta zo." Bai fahimci komai ba, amma ya miƙo mini hannu, na kusa cire masa kafaɗa.

Mu shida ne a ɗakinmu a Karama, amma Gidaɗo ne babban baki. Ɗan kago ne a Al Khabaisi, mai auna kayan da mutane ke aikawa gida, duk abin da ya gani sai ya auna shi a tafin hannu ya yanke masa hukunci. Na nuna masa hotunan madannan biyu a waya. Ɗaya na hannu ne, kamar filaya, da babban yatsa ake matsa shi. Ɗayan a tebur ake kafa shi, yana da dogon mariƙi da ake dannawa da tafin hannu.

"Tsohon nan naka," in ji Gidaɗo, "ba shi ne ka ce yatsunsa sun ƙage ba? Wanda ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa?"

Na ce shi ne.

"To me kake jira? Ɗauki na yatsa mana! Sati ɗaya ya gwada ya kasa, khalas, shi ke nan, sai ya koma garinsu Umdurman. Kai Labaran, Allah Ya kashe Ya ba ka, kana tambayar mutane wuƙa."

Muka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, har da buga ƙafa. Da la'asar ɗin suka ja ni Al Rigga cin mandi, shinkafa da naman Larabawa, suna kirana Injiniya. Gidaɗo har ya fara nemo mini ɗaki mai kicin. Ni kuwa duk shagon da muka wuce sai na tsaya ina zaɓar wa Zaituna labule a raina.

Alhamis na isa kafin kowa, na sa turare kamar mai zuwa Idi. Sanyin ɗakin ya buge ni, na ce a zuciyata, rana, na yafe ki duniya da lahira. Baba Hadi ya jera madannan biyu a kan tebur, ya miƙo mini tabarau na kariya.

"Bismillah, ya waladi, ɗana. Kau da bakin kwanson daga fuskarka. Ka zaɓi wanda hannunka ya yarda da shi, kar ka dube ni."

Na fara da na yatsan. Kai, abin nan daɗi gare shi! Kana matsawa kana jin firaima tana zama daram a gurbinta. Na yi ashirin a jere ina murmushi ni kaɗai. Ko ba don maganar Gidaɗo ba, shi ya fi kwanta mini, kuma babu wanda zai ce na yi ƙarya.

Sai tsohon ya ce in ba shi ya ji. Ya ɗora yatsa ya matsa, abin bai motsa ba. Ya haɗa da ɗayan hannun, jijiyar wuyansa ta miƙe, bai motsa ba. Ya ajiye yana dariya ya ce, "Mai kyau ne. Wannan na samari ne." Ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur yana murza shi, yana zaton ban gani ba.

Haushi ya kama ni. Wa ya ce ya gwada a gabana? Da ya bari na cike takardata na fita abina!

Manaja ya leƙo da fom da biro ya ce, "Yalla, yi sauri, wanne?"

Ban san sanda bakina ya ce mai mariƙin ba. Har da ƙarin bayani, wai ya fi ƙarko, wai ba ya gajiyar da mutum. Ina sa hannu ina zagin kaina, Labaran sakarai, Labaran dolo.

Baba Hadi ya naɗe hannun riga. Ya ja kujerarsa ya ɗora tafinsa a kan mariƙin ya danna. Firaima ta shige sumul. Ya sake, ta shige. Ya yi ta yi yana ƙyaƙyata dariya, gemu na rawa, yana cewa, "Shuf! Duba, ya Labaran! Da wannan ai sai in ƙara shekara goma!"

Na ce, "Allah Ya kai mu, Baba." Kuma abin haushi, dariyar ta kama ni ni ma, har hawaye.

Na ɗauki bokitina na fita. Zafi ya rufe ni tun daga bakin ƙofa. Ban yi taku goma ba waya ta ɗauki ruri a aljihuna, Zaituna ce. Na tsaya a tsakiyar fili na amsa.

"Maigida, ina wajen tela," in ji ta, murya cike da murna. "Yana tambaya, kala nawa zai yanka?"

Na ajiye bokitin a ƙasa na ce, "Zaituna, ɗan fita waje tukuna, inda ba mutane."