Falle na Ƙarshe

Kafinta ya sake cusa kwalin tsakanin haƙarƙarin kwale-kwalen, ya bi gefensa da fensir. A cikin jirgi babu layi miƙaƙƙe, sai an fitar da siffa a kwali kafin a yanka filawud. Falle goma sha ɗaya ya riga ya manna da gam. Saura ɗaya, na wajen hanci.

Yayansa ne ya fara jirgin, ya rasu bara bai gama ba. Gobe masuncin da ya ba da aikin zai zo ya ɗauka.

Ya kwanta rigingine a cikin jirgin. Hasken hantsi na zubowa ta hujojin kwanon rumfar, yana rawa a jikin katako kamar ruwa. Garin zarto na yawo a sama. Warin gam ya ɗan juya masa kai, sai ya ji rumfar ta saki ƙasa, jirgin na lilo a hankali, Yaya na zaune a baya da filafili yana mita.

Nan ya ɗaga ido ya ga wani rubutu a jikin katakon hancin jirgin, daidai inda fallen ƙarshe zai rufe. Awo ne da fensir, da lamba bakwai irin ta Yaya mai kama da ƙugiya. A ƙasa an ƙara: "Nan a karkace yake. Bi shi a hankali, Sarkin Sauri."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa haka.

"Mijina, aiki kake ko barci?" Matar Yaya ce ta leƙo da kofin shayi. "Jirgin bai taɓa ruwa ba har ka nutse."

"Zo ki gani."

Ta durƙusa, ta karanta tana motsa leɓe. Sannan ta yi 'yar dariya.

"Ashe ya san kai za ka ƙarasa."

"Kuma ya san zan ɓata."

"To ai ƙarya bai yi ba. Ƙofar ɗakina da ka kafa har yau sai da ƙafa take rufuwa." Ta shafa rubutun da ɗan yatsa. "Rufewa za ka yi?"

"Dole. In na bar shi a buɗe, ruwa zai wanke shi a mako guda. In na sa gam, ba mai sake ganinsa."

"Kai ka san aikinka," in ji ta, ta ajiye shayin ta fita.

Ya yanka fallen. Bai shiga ba. Ya goge gefen kaɗan, ya gwada, ya sake gogewa. Sau bakwai. Da azahar ya zauna daram, ko takarda ba za ta ratsa ba.

Ya buɗe gwangwanin gam, ya daɗe yana kallonsa, ya mayar da murfin. Ya ɗaure fallen da sukurori huɗu na tagulla.

Washegari masunci ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa.

"Maigida, nan ka manta gam?"

"Ban manta ba. Duk shekara ka kawo shi in duba."

"Me za a duba?"

"Awo," in ji kafinta, ya sa kafaɗa suka ɗaga jirgin.