Ranar da Stamatia Ta Zauna

"Mama, don Allah ajiye kwanon nan," in ji Fotini. "Babu ɓarar wake a wasan."

"To me zan yi da hannuwana?"

"Ba komai. Wasan ke nan."

Stamatia ta dubi 'yarta sama da ƙasa. An tura yarinya Atina, babban birnin ƙasar, karatun fasaha, ga abin da ta dawo da shi: wai mace ta zauna a kujera jama'a su yi kallo.

Tsohuwar makarantar ƙauyen ce aka mayar masaukin masu fasaha. Duk bazara sai su zo daga ƙasashe su cika ta, su yi ta abubuwan da babu mai ganewa. Bana har da Fotini, 'yar gari, wadda ke raba dare da baƙin tana musu bayanin zaluncin da ake wa mata, da safe kuma ta aiko wa uwarta da kayan wanki.

Yau Lahadi ranarta ce. Ta shirya matan gari su zauna a shagon kofi na dandali, inda tun kaka da kakanni maza kaɗai ke zama, su huta kawai. Duk sun amsa, duk kuma sun zame. Wannan ta ce ciwon ƙafa, waccan ta ce akuyarta za ta haihu. Saura Stamatia. In ita ma ta ƙi, Fotini za ta tsaya gaban baƙi da mutanen gari da kujeru babu kowa, a tabbatar da abin da ake faɗa a bayan idonta, cewa karatun nata iska ne.

"Mama, ke kaɗai kika rage mini," in ji Fotini.

Stamatia ta yi tsaki, ta ajiye kwanon. "Tukunya na kan wuta fa. Kar ki daɗe da ni."

Da aka taso daga coci dandalin ya cika. Aino, wata baƙuwa 'yar ƙasar Finlan da ko kaza ta gani sai ta yi ƙwalla, ta kafa kyamara. Stamatia ta ratsa tsakanin maza da baƙar rigarta, ta ja kujera daura da mijinta Anestis, wanda ke tsakiyar karta, ta ɗosana a bakinta kamar mai jiran likita.

"Anestis, an biyo ka da bulala!" wani tsoho ya ce.

"Fasaha ce," in ji Anestis, bai ɗago ba. "Yanzu za ta wuce."

Da farko abin ya gagara. Ta kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga tebur. Ta hango maɓallin rigar mijinta na lilo, hannunta ya tafi da kansa, Fotini ta yi gyaran murya. Mai shago ya kawo kofi, ta zabura za ta karɓi tiren.

"Zauna, Stamatia, aikina ne," ya ce.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa. Can sai bayanta ya sami jikin kujera. Ta zare takalmi ɗaya, ta ɗaga kai tana kallon dutsen da ke bayan coci, sai ka ce yau aka kawo shi. Hannuwan nan suka kwanta a cinyarta, kumburarru, duk tsaga. Fotini ta tuna ba ta taɓa ganinsu a kwance ba, ko da rana ɗaya. Kunya ta kama ta, ta rasa inda za ta sa idonta. Aino kuwa tuni ta jiƙe hankici.

Da lokaci ya cika Fotini ta kaɗa ƙararrawar makaranta. Baƙi suka yi tafi, maza suka taya su don kar a ce ba su gane ba.

"Mama, an gama. Kin fitar da ni kunya."

Stamatia ba ta motsa ba.

"Ke, abincin rana fa?" in ji Anestis.

"Yana kan wuta. Ka san hanyar gida." Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma, uwar 'yancin mata, kayanki na cikin baho tun jiya. Ki nuna wa babanki inda ludayi yake, in kin sani."

Dandali ya ɗauki dariya. Anestis ya miƙe yana gunaguni, zai tattara kartarsa, ta dafe hannunsa.

"Bar su nan, ni zan buga," ta ce, tana zare ɗaya takalmin. "Na daɗe ina hangowa ta taga yadda ake cinye ka."