Jifan Ƙarshe na Ridwan

Tun da ƙungiyar ƙwallon kwando ta samarin Wudil ta dawo daga Kano, filin atisayensu ya zama kamar gidan makoki. Da maki ɗaya aka fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, kuma Ridwan ne ya yi jifan ƙarshe. Ƙwallon ta zagaya bakin kwando kamar za ta faɗa, ta fito waje.

Ridwan kuwa ɗan fari ne a wurin kocinsu, Malam Ɗantani. Kocin mutumin Lajawa ne, cikin masu tsananin kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "yaron nan". Yana son sa kamar ransa, amma ko da wasa bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba.

Gari ya ɗauki zafi. Har waɗanda ba su san ko da ƙafa ake buga ta ba sun zama masana a teburin mai shayi. Aka yanka wa Ridwan tayar babur a bakin kasuwa. Aka fara jifan rufin gidansu da duwatsu, a leƙa ba kowa. Tsoro ya kama Ɗantani sosai, ya dai bar shi a ciki.

Ran Asabar da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen kogi. Jamil, kyaftin ɗinsu, ya taka ƙwallo da ƙafa, sauran suka zagaye kocin, babu mai gaisuwa.

Jamil ya ce, "Koci, yau sai an faɗa. Laifin wa ne?"

Ɗantani ya san amsar sarai. Tsarin da ya ba su shi ne Ridwan ya miƙa wa Jamil a gindin kwando. Jamil bai je wurin ba, ya tsaya musu da alƙalin wasa. Ridwan ya duba bai ga kowa ba, lokaci na ƙurewa, ya jefa daga nesa. Jamil ma ya sani, shi ya sa muryarsa ta fi ta kowa tashi.

To amma da wane baki zai tsaya gaban 'ya'yan mutane ya wanke nasa, ya shafa wa ɗan wani? Ridwan na tsaye a baya yana kallonsa, yana jira. Ɗantani ya sunkuyar da kai.

"Yaron nan ne ya yi gaggawa," in ji shi.

Jamil ya ɗauke ƙafarsa daga kan ƙwallon. Ridwan ya tuɓe rigar wasa, ya ninke ta a hankali, ya ajiye kan benci, ya fita. Wasu suka bi shi da wani irin mugun kallo.

Da Ɗantani ya koma gida, ya tarar da Ridwan a zaure yana ɗaure jaka. Ridwan ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya ce zai koma wajen kawunsa a Dagumawa, ba zai kwana a garin nan ba.

Ɗantani ya yi gyaran murya. "Ai ka san ba yadda zan yi a gabansu. Ka san gaskiyar abin."

Ridwan ya saɓa jakarsa.

"Na sani, Koci," ya ce. "A yi mini addu'a."