Tubalan Murtala

Suwaiba ta zura hannu cikin buhun hatsi har gwiwar hannu, ta saki abin a can ƙasa, ta mayar da hatsi ta rufe shi. Ta leƙa tsakar gida. Mijinta Murtala yana nan kwance a kan tabarma, bakinsa a buɗe. Bai samu barci ba sai bayan sallar asuba, kuma da ƙyar ta zare abin daga ƙarƙashin tafinsa.

Abin ma ba wani abin kirki ba ne. 'Yar na'urar wasa ce shuɗiya, ba ta fi tafin hannu ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. In an kunna ta, sai tubala masu launi-launi su yi ta zubowa daga sama, mutum yana juya su yana jerawa. Layi ya cika ya ɓace, wasu su sake zubowa. Ba ƙarshe, ba riba. Ta Bahago ce, abokin haƙarsa a Tchibarakaten. Ranar da ramin zinariya ya rufta da su, an tono Murtala da rai, Bahago kuwa sai gawarsa. Aka kawo mata miji a bayan mota, da karaya a ƙafa da wannan abu a aljihu.

Ƙafa ta ɗore tun kafin azumi. Mutumin ne ya ƙi tashi. Ba ya shiga ɗaki, wai rufin ƙasa yana danne masa ƙirji. Ba ya zuwa masallaci, ba ya hira, 'yarsa Kadidia ma in ta hau bayansa sai dai ya gyara zama. Safe da yamma yana duƙe a kan gilashin nan, ɗan kiɗan tsiyarsa yana huda wa mutum kunne. Ita ke sammako ta tari masu lambun Dabaga, ita ke wuni a kasuwa gaban tumatir da albasa, kuma don abin haushi, ita ke sayo masa pil, batirin na'urar, a hanyar dawowa.

Jiya wansa Idrissa ya tare ta a ƙofar gida.

"Ki ɓoye shirmen nan, Suwaiba, ki bar mini sauran. Gobe zan tashe shi."

Ta ce to. Idrissa yana da butik na kayan mota kusa da tasha, ta ɗauka can zai kai shi, ya zauna yana miƙa wa mutane kaya. Ko sharar butik ɗin aka ba shi, ta yarda. Ita dai ta ga mijinta a tsaye.

Kasuwa ba ta yi daɗi ba. Tumatirin ya sha hanya, rabinsa ya yi laushi, masu saye suna ta latsawa suna wucewa. Bayanta yana ciwo tun safe. Wajen azahar maƙwabciyarta a kasuwa, Altine mai barkono, ta dawo daga alwala tana yarfe hannu.

"Ashe abin farin ciki ya samu, kika yi mana shiru? An ce maigidanki ya miƙe."

"Wa ya ce?"

"Ƙanena mana, shi ne shofer, mai tuƙa motar masu haƙa. Da la'asar motarsu za ta tashi Tchibarakaten, ya ce Idrissa ya kama wa Murtala wuri a gaba."

Suwaiba ta miƙe zumbur. Ta ce wa Altine ta duba mata kaya, ta tsayar da kabu-kabu ba ta ko tambayi kuɗi ba.

Ta tarar da gidan a hargitse. An ɗaga tabarmi, an kife tukwane, har randa an matsar. Murtala ya nemi na'urar ke nan, ko'ina ban da ɗaki. Idrissa yana zaune a inuwa yana kurɓar shayi, fuskarsa fal da jin daɗi. Murtala kuwa ga shi a tsaye, ya yi wanka, ya naɗa rawani, yana ƙoƙarin ɗaure bargo da igiya. Abin da ta daɗe tana roƙon Allah ke nan, ga shi ta gani, kuma ba ta ji daɗin komai ba. Ya ƙulla igiyar ta kwance, ya sake ƙullawa ta kwance.

"Kin gani?" in ji Idrissa. "Rana ɗaya tak. Patron ɗinsu, mai ramukan, ya buɗe sabon rami, yana neman waɗanda suka san aiki."

"Yaya, ai na ɗauka butik za ka kai shi."

"Butik ɗin da ni ma bai riƙe ni ba? Aikin da ya iya shi zai yi. Mutane nawa rami ya rufta da su suka koma?" Ya ajiye kofi ya tashi. "Bari in tare motar a bakin titi, ba ta shiga lungun nan."

Da ya fita, Suwaiba ta matsa ta tsuguna kusa da mijinta.

"Baban Kadidia, kana son komawa?"

"Yaya ya ce in je."

"Ba abin da Yaya ya ce na tambaye ka ba."

Ya dubi igiyar. Can ya ce, a hankali, "Ke kika ɗauka?"

Ta kai dubanta ƙofar ɗaki.

"Ban ga laifinki ba. Na san na zame miki kaya." Ya saki igiyar. "In yana hannuna, abin da zai faɗo ina ganinsa tun daga sama. Ni ke cewa ga inda zai sauka. Da na ajiye shi sai in ji ƙasa a bakina, in ji Bahago yana kirana. Tun safe yake kirana, Suwaiba."

Rabon da ya yi mata magana mai tsawon haka, tun kafin ya tafi.

Wallahi ta gaji. Ta gaji da sammako, ta gaji da tambayar mata, ta gaji da namijin da ba ya ɗaga kai. Kuma ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyarta yana cewa a bar shi ya tafi, ko ta samu ta huta. Amma ta dubi hannuwan nan da suka kasa ƙulla igiyar bargo. Da su ne zai riƙe igiyar da ake zura mutum cikin rami.

Mota ta yi oda daga bakin lungu.

Suwaiba ta shiga ɗaki ta tona buhun. Ta hure ƙaiƙayin da ya maƙale a maɓallan, ta goge gilashin da bakin zanenta, ta kunna. Kiɗan da ta tsana ya tashi. Ta fito ta kama hannunsa ta sa masa abin a ciki, ta naɗe yatsunsa a kai. Ya dube ta, ya dubi gilashin. Tubali na farko ya fara saukowa, ja, a hankali. Murtala ya zauna a kan ƙullin bargon, yana juya tubalin inda yake so ya sauka.

Idrissa ya shigo da sauri, ya yi turus.

"Mene ne haka?"

"Ba ya zuwa, Yaya. Ka ba shofer haƙuri."

"Ke kin san abin da kika yi? Da hannunki kika mayar da shi." Ya nuna ta da yatsa. "To, na cire hannuna. Ke za ki ci da shi, har ranar da ya ga dama ya tashi."

"Da ma ni ce," in ji Suwaiba.

Motar ta sake yin oda. Idrissa ya juya ya fita bai yi sallama ba. Ta tsaya kaɗan tana dafe da ƙugunta, sannan ta gyara mayafi ta nufi ƙofa. Tumatirin da ta bari a kasuwa ba zai kai gobe ba.