Magaryar Sale

"Sauke hannunka, Baba! Ba a tsinka!"

Uwaisu ya tsaya cak, reshen magarya na lilo a gaban hancinsa. Mai gadin gandun dajin, wani ɗan Maraɗi mai suna Idrissa, ya iso yana haki cikin koren yunifom.

"Ni kake wa tsawa? Ni Uwaisu, da na koro shanu da ƙafa tun daga Nguru? Kogin Kwara ya haɗiye ni ya tofar. Tirela ta take ni a Apapa, na tashi na kaɗe riga. Ganye ne zai gagare ni?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Doka ce. Ko ƙafarka ma bai kamata ta sauka daga kan katakon nan ba."

Da asubar yau maƙwabcinsa Sale ya cika, a ɗakin da ke kallon nasa a Agege. Ya daɗe kwance, ƙafafu sun kumbura, ko koko ba ya wucewa. Jiya ya kamo rigar Uwaisu ya ce, "In na tafi, da ganyen magaryata za a yi min wanka." Uwaisu ya bugi ƙirji a gaban matar Sale, Badiyya: "Ko kada ke gadinta, sai na kawo."

Da can a bakin rafin gandun nan suke wanke fatu, su biyun, tun ba shinge ba ƙofa. Sale ne ya tsotse 'ya'yan magaryar da aka aiko masa daga gida ya binne ƙwallon, ana yi masa dariya wai ba ta yi a ƙasar ruwa. Ta yi. Yanzu ga hanyar katako, ga alluna, ga baƙi da tabaran hangen nesa suna leƙen belbela kamar ba su taɓa ganin tsuntsu ba.

"Gawa ke jira na," in ji Uwaisu. "Bayan azahar za a kai shi. Kai ba Musulmi ba ne?"

Idrissa ya yi salati, ya sunkuyar da kai, sannan ya nuna wata kyamara a kan sanda da haɓarsa. "Oga na gani. Bakuna biyar nake ciyarwa, Baba."

"Kira min ogan!"

Aka kira, aka ce yana taro. Uwaisu ya zauna a benci yana huci. Ya zagi shingen, ya zagi allunan da ba ya iya karantawa, ya zagi wani guza da ya wuce yana rangaji abinsa. Rana na ta hawa.

Can sai ga birai sun dira kan magaryar suna warwason 'ya'ya, ganye na zuba.

"Ka gani? Biri ya fi ni gata a bishiyar Sale!"

Idrissa ya juya wa kyamarar baya. "Abin da ya faɗo kan katako shara ce," ya ce a hankali. "Ba wanda ya hana kwashe shara."

Mutumin da bai taɓa durƙusa wa sarkin fawa ba ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Ya bi katakon da rarrafe yana tsinta yana zubawa a hula, birai na jifansa da ƙwallaye. Baƙin nan har da ɗaukar hoto.

A dawowa motar danfo da ya shiga ta maƙale a gosulo. Ya sauka ya hau okada, ya yi ta dukan kafaɗar mai tuƙin: "Ja mana! Akuya kake tuƙawa?"

Yana shiga layinsu makara na fitowa daga ƙofa. An yi wanka, an yi sutura. Liman ya ce an jira har an gaji, ga hadari ya haɗo. Daga bayan labule Badiyya ta dubi hular da ya rungume. Ya juya ya bi bayan makarar.

A maƙabarta aka rufe, aka yi addu'a, mutane suka watse suna gudun ruwa. Uwaisu ya tsaya. Ya laluba cikin ganyen, ya ci karo da ɗan magarya guda, da sawun haƙorin biri a jikinsa.

"Kai ma da gaggawa, Sale," ya ce.

Ya danna ɗan magaryar da babban yatsa cikin ɗanyar ƙasa ta wajen kai, ya juye ganyen a bisa. Yayyafi ya fara sauka a kan furfurarsa, hular na hannunsa.